Horar da Ƙwararren Mai Ba da Shawara: Karatun Aji da Awannin Sa Ido

Babu wanda bai taɓa ba da shawara ba, babu kuma wanda ba a taɓa ba shi ba. Uwa tana ba 'yarta, liman yana ba ma'auratan da suka kawo masa ƙara, aboki yana ba abokinsa a majalisa bayan isha'i. Shi ya sa mutane da yawa kan riƙe baki idan suka ji abin da ake nema daga mai son ya mai da wannan aiki sana'arsa a Amurka. Sai ya gama digirin farko, ya ƙara shekara 2 zuwa 3 a digiri na biyu, ya yi awa 700 yana aiki malamai suna bibiyarsa, ya ci jarrabawar ƙasa, sannan ya sake kwashe awa 2,000 zuwa 3,000 a ƙarƙashin wani gogagge. Sai bayan duk wannan ake miƙa masa lasisin zama shi kaɗai da mutumin da damuwa ta yi wa katutu. To, me ake koya a tsawon wannan lokaci? Wahalar ta cancanta kuwa, ko shinge ne masu sana'ar suka kafa don kare abincinsu?

Tambayar ta shafe mu kai tsaye. Fannin jagoranci da ba da shawara da ake karantarwa a jami'o'in Najeriya ya ɗebo yawancin littattafansa da tsarinsa daga Amurka, kuma a 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa majalisar kula da masu wannan sana'a a ƙasar. Ana buƙatar mu san abin da ya cancanci aro da abin da bai cancanta ba. Abin da nake gani shi ne: kwasa-kwasan aji suna da muhimmanci, amma ba su ne suke mai da mutum ƙwararre ba. Abin da ke yin wannan aiki shi ne awannin da ɗalibi yake zama da mutane na gaskiya, wani da ya fi shi sani yana sauraren abin da ya faɗa yana gyara masa.

Asalin sana'ar

Ba a asibiti aka haifi wannan sana'a ba. A 1908 wani malami mai suna Frank Parsons ya buɗe ofishi a birnin Boston don taimaka wa matasa, musamman 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka da na talakawa, su zaɓi aikin da ya dace da su. Ya rasu a shekarar, littafinsa kan zaɓen sana'a kuma ya fito a 1909. Tsarinsa mai sauƙi ne: ka san kanka, ka san ayyukan da ke akwai, sannan ka auna biyun da hankali. A wancan zamani mai ba da shawara shi ne mai magana, yaro nasa saurare.

Carl Rogers ne ya juya akalar lamarin da littafinsa na 1942. A wurinsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ya zo neman taimako ya fi kowa sanin rayuwarsa, aikin mai taimako kuma shi ne ya samar masa wurin da zai iya kallon matsalarsa ba tare da tsoron zargi ba. Ya ce hakan na buƙatar mai taimako ya zama ba mai fuska biyu ba, ya karɓi mutum ba tare da gindaya masa sharaɗi ba, ya kuma yi ƙoƙarin fahimtar abin da ke ransa yadda shi mai shi yake jin sa. Rogers ya yi wani abu kuma da ya fi wannan tasiri a kan horarwa. Lokacin da yake koyarwa a Jami'ar Jihar Ohio a farkon shekarun 1940, ya riƙa ɗaukar muryar zaman ba da shawara a faifai, a rubuta shi kalma bayan kalma, ɗalibai su zauna su yi nazari. Kafin nan abin da ke faruwa a wannan ɗaki sai dai a ji daga bakin wanda ya yi aikin, kowa kuwa ya san mutum ba ya ba da labarin da zai kunyata shi.

Siyasa ma ta taka rawa. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, hankalin Amurka ya tashi. Dokar ilimi ta 1958 ta zuba kuɗi a jami'o'i don horar da masu ba da shawara na makarantu, su zaƙulo yara masu basira su karkata su ga kimiyya. A 1963 Shugaba Kennedy ya sa hannu a dokar kafa cibiyoyin lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin unguwanni, sai masu ba da shawara suka fara fita daga makarantu suna aiki da manya. Jihar Virginia ce ta fara ba su lasisi a 1976, California kuma ita ce ta ƙarshe a 2009. A 1981 aka kafa hukumar CACREP, wadda ke tantance shirye-shiryen digiri na biyu a wannan fanni, kuma ƙa'idojinta ne mafi yawan jami'o'i da jihohi suke auna kansu da su a yau.

Yana da kyau a bambance ma'aikatan. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne, yana rubuta magani. Masanin halayyar ɗan'adam a Amurka yawanci sai ya kai digirin digirgir. Ƙwararren mai ba da shawara yana tsayawa a digiri na biyu, ba ya rubuta magani, makaminsa zance ne da saurare, tare da sanin lokacin da ya kamata ya tura mutum wurin likita.

Abin da ake karantawa a aji

Ba lallai ne mai neman shiga ya karanci halayyar ɗan'adam a digirin farko ba. Ana karɓar malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, tsohon soja, har da wanda ya karanci kasuwanci. Amma jami'o'i da yawa sukan kira mutum su yi masa tambayoyi baki da baki, domin maki kaɗai ba ya nuna ko mutum zai iya yin shiru ya saurari wani.

Tun daga 2023 hukumar CACREP ta wajabta kiredit 60 ga dukkan rassan fannin, wato kimanin kwas 20. A da, reshen makarantu kan tsaya a 48. Rassan sun haɗa da lafiyar ƙwaƙwalwa, makarantu, aure da iyali, shaye-shaye, zaɓen sana'a, taimakon masu buƙata ta musamman, da harkokin ɗaliban jami'a. Ko wane reshe mutum ya zaɓa, sai ya bi ta fannoni 8 na tushe: tarihin sana'ar da ƙa'idojinta, bambancin al'adu da jama'a, matakan girman ɗan'adam daga yarinta zuwa tsufa, zaɓen sana'a, dabarun taimako da hulɗa, ba da shawara ga rukuni, gwaji da tantance matsala, sai bincike da auna amfanin aiki.

Wasu daga cikin waɗannan karatu ne kamar kowane karatu. A kwas ɗin nazariyoyi ɗalibi yana sanin Freud da Adler da Rogers, da Aaron Beck wanda ya nuna yadda gyara tunani yake sauƙaƙa ciwon damuwa. A kwas ɗin tantancewa yana koyon amfani da kundin DSM, wanda aka sabunta bugunsa na 5 a 2022, don ya bambance baƙin cikin rashin masoyi da ciwon damuwa, ya kuma gane alamun da ke nuna cewa lamarin ya wuce ƙarfin zance. Kwas ɗin bincike shi ne ɗalibai suka fi ƙosawa da shi, amma shi ke kare su daga kowace sabuwar dabara da aka tallata ba tare da hujja ba.

Kwas ɗin ƙa'idojin aiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne ake koyon nauyin amana. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma sana'ar nan gaba ɗayanta a kan riƙe sirri ta ginu. Sai dai sirrin yana da iyaka, kuma kusan kowane ɗalibi a Amurka ya san shari'ar da ta ja layin. A 1969 wani ɗalibin Jami'ar California da ke Berkeley ya gaya wa mai duba shi cewa yana nufin kashe wata budurwa, Tatiana Tarasoff. An sanar da 'yan sandan jami'a, suka tambaye shi suka sake shi, amma ba wanda ya gargaɗi yarinyar ko iyayenta. Bayan kamar wata 2 ya kashe ta. A 1976 kotun ƙolin California ta yanke cewa idan ma'aikaci ya ga haɗari na gaske a kan wani, wajibi ne ya ɗauki matakin kare shi. Saboda haka ake koya wa ɗalibi ya buɗe zaman farko da magana irin wannan: "Duk abin da ka faɗa mini a nan zai tsaya a nan, sai abu uku. Idan na ga ranka yana cikin haɗari, ko ran wani, ko ana cutar da yaro ko tsoho, dole in nemi taimako. Na gaya maka tun yanzu don kada ka ji na ci amanarka." Ana koya masa kuma kada ya karɓi ɗan'uwansa ko abokin kasuwancinsa a matsayin mai neman taimako, kada soyayya ta shiga tsakaninsa da wanda yake taimako, kada kuma ya ɗauki matsalar da ba a horar da shi a kanta ba.

Kwas ɗin dabaru kuwa ba a cin sa da hadda. Ɗalibai sukan kasu uku-uku, ɗaya ya zama mai taimako, ɗaya mai matsala, ɗaya mai lura, sannan su juya. Ana koyon tambayar da ba a amsa ta da "i" ko "a'a", da maimaita wa mutum abin da ya faɗa don ya ji an fahimce shi, da ambaton abin da yake ji a ransa wanda bai furta ba. Abin da ya fi ba ɗalibai wuya shi ne shiru. Mutum ya yi daƙiƙa goma bai ce komai ba, sai ka ga ɗalibi ya kasa daurewa ya cike wurin da nasiha. A fannin rukuni kuma, ƙa'ida ce ɗalibi ya yi aƙalla awa 10 a matsayin ɗan rukuni, yana faɗin nasa a gaban abokan karatu, don ya ɗanɗana nauyin abin da zai riƙa neman wasu su yi.

Inda ake gane na ƙwarai

Ba a zama ungozoma da karanta littafi, sai an tsaya kusa da babba an ga haihuwa, sannan a karɓa tana tsaye tana kallo. Haka tsarin yake a nan, a matakai biyu. Na farko gwajin aiki ne na awa 100, aƙalla 40 daga ciki ido da ido da masu neman taimako. Na biyu sanin makamar aiki ne na awa 600, aƙalla 240 ido da ido, a makaranta ko asibiti ko cibiyar masu shaye-shaye ko gidan gyaran hali. A duk tsawon lokacin, kowane mako ɗalibi yana da awa 1 da mai sa ido a kansa, shi kaɗai ko su biyu, da kuma kimanin awa 1 da rabi tare da sauran ɗalibai. Da izinin mai neman taimako, ana ɗaukar zaman a bidiyo ko murya, ko mai sa ido ya kalla kai tsaye.

Ga misalin yadda irin wannan awa take kasancewa. Ɗaliba ta kawo muryar zamanta da wata mata da mijinta ya rasa aiki, bashi ya taru, barci ya ƙaurace mata. A cikin zancen matar ta ce: "Wani lokaci sai in ji gara ma a ce ba na nan." Nan take ɗalibar ta amsa: "Haba, kada ki ce haka, komai zai wuce. Kin gwada fita ki ɗan taka da yamma?" Malamar ta tsayar da na'urar, ta mayar da ita baya, suka sake ji.

"Me ta faɗa miki a nan?"

"Ta ce ta gaji, Malama."

"Sake saurara."

Ɗalibar ta yi shiru, sannan ta ce, "Ta ce gara ba ta nan."

"Me kika ji a ranki a daidai lokacin?"

"Tsoro na ji. Na ji idan na tambaye ta, kamar ni ce zan sa mata tunanin."

Daga nan malamar za ta nuna mata cewa bincike ya tabbatar tambayar mutum kai tsaye ba ta dasa masa tunanin kashe kansa, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Za su maimaita tambayar da baki har ta daina yi mata nauyi: "Da kika ce gara ba kya nan, kina tunanin kashe kanki ne?" Za su bi abin da ke biyo baya, ko tana da shiri, ko akwai abin da za ta yi amfani da shi a gida, wa za a kira. Sannan malamar ta ce a buga wa matar waya yau, kada a jira mako mai zuwa.

Wannan ɗaliba ta ci jarrabawar kwas ɗin da ya koyar da tantance haɗari. Ta san amsar a takarda. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda tsoronta yake sa ta kauce, kuma da ba a ɗauki muryar ba, rahoton da za ta rubuta shi ne "mun tattauna matsalar barci". Kyakkyawar niyya ba ta hana irin wannan kuskure. Kunne na biyu ne yake kama shi.

Malamai suna da wani nauyi kuma da ba a cika magana a kansa ba, wato tsaron ƙofa. Ɗalibi zai iya cin kowace jarrabawa, amma idan ba ya karɓar gyara, ko yana yawo da sirrin mutane, ko yana raina waɗanda yake taimako, wajibi ne a tsara masa hanyar gyara, in ya ƙi gyaruwa a sallame shi. Abu ne mai ɗaci ga malami da ɗalibi, amma wanda ake karewa shi ne mutumin da zai zauna a gabansa gobe.

Bayan digiri

Takardar digiri ba ta ba mutum damar buɗe ofishi. Kowace jiha tana da hukumar lasisinta. A Texas, alal misali, sai mutum ya yi awa 3,000 a ƙarƙashin mai sa ido da hukuma ta amince da shi, 1,500 daga ciki ido da ido, cikin aƙalla wata 18. Akwai kuma jarrabawar ƙasa iri biyu, ɗaya mai tambayoyi 200 a kan fannonin tushe, ɗaya kuma mai kawo labarin marasa lafiya a ce ka tantance ka tsara taimako. Bayan lasisi ma karatu bai ƙare ba, domin ba a sabunta shi sai da shaidar ƙarin horo. Sana'ar ta samu babban ci gaba a farkon 2024, lokacin da inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin tarayya ta fara biyan masu ba da shawara kuɗin aikinsu.

Abin da masu suka suke cewa

Sukar farko ta kuɗi ce, kuma gaskiya ce. Yawancin awanni 700 ɗin nan kyauta ɗalibi yake yin su, yana kuma biyan jami'a kuɗin kiredit ɗin. Bayan ya gama, albashin shekarun farko ba shi da yawa, wasu ma daga aljihunsu suke biyan mai sa ido. Wanda yake ciyar da iyali ba zai iya barin aikinsa ya yi wata da watanni ba albashi ba. Sakamakon haka, unguwannin talakawa da suka fi buƙatar mai taimako daga cikinsu su ne suka fi rasa shi. Ga kuma matsalar lasisin da ba ya ƙetare iyakar jiha, wadda yarjejeniyar da jihohi suka fara shiga tun 2021 take ƙoƙarin warwarewa.

Suka ta biyu ta fi zurfi: shin dogon horo yana sa sakamako ya fi kyau? A 1979 Hans Strupp da Suzanne Hadley na Jami'ar Vanderbilt suka raba samari ɗalibai masu damuwa, wasu wurin ƙwararru, wasu wurin malaman jami'a da aka sani da sauƙin kai da iya zama da ɗalibai amma ba su da horo. A jimlace, sakamakon ɓangarorin biyu bai yi nisa da juna ba. A Zimbabwe, likita Dixon Chibanda ya horar da mata ma'aikatan lafiya na unguwa, yawancinsu dattijai, suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama 6 na warware matsala mataki-mataki. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun samu sauƙi ƙwarai fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. A wannan shekarar kuma Simon Goldberg da abokan aikinsa suka bibiyi ma'aikata 170 da mutum fiye da 6,500 da suka taimaka, suka tarar cewa yawan shekaru a aiki bai inganta sakamako ba, a matsakaici ma ya ɗan ragu kaɗan.

Ba a kau da kai daga waɗannan hujjoji, amma a duba abin da suke nunawa. Dattijan Zimbabwe ba haka kawai aka sake su ba, an koya musu tsari, akwai masu sa ido a kansu, akwai kuma inda za su tura wanda lamarinsa ya yi tsanani. Binciken Goldberg kuwa yana cewa maimaita aiki ba tare da wani ya nuna maka kuskurenka ba maimaita kuskure ne kawai. Duka biyun suna rage darajar tara kiredit da tara shekaru, suna kuma ƙara darajar sa ido. Har ila yau, wani ne zai horar da dattijan, ya saurari aikinsu, ya karɓi wanda ya fi ƙarfinsu, kuma wannan shi ne gurbin mai digiri na biyu. Birtaniya ma, inda doka ba ta hana kowa kiran kansa mai ba da shawara ba, babbar ƙungiyar masu sana'ar tana neman awa 450 na aiki a ƙarƙashin sa ido kafin ta tantance mutum, kuma sa idon ba ya yankewa muddin yana aiki.

Al'ada da addini

Nazariyoyin da ake koyarwa sun fito ne daga al'ummar da take ɗaukar mutum a matsayin mai cin gashin kansa. Masu fannin a Amurka sun gane wannan gibi, kuma tun 1992, lokacin da Derald Wing Sue da abokan aikinsa suka tsara ƙwarewar aiki da mutanen al'adu daban-daban, batun ya zama ginshiƙi a manhaja. Ƙa'idojin ƙungiyar masu ba da shawara ta Amurka na 2014 sun hana ma'aikaci ɗora wa mutum ra'ayinsa. Tun kafin nan, masanin nan ɗan Sudan, Malik Badri, ya gargaɗi Musulmi masu nazarin halayyar ɗan'adam a littafinsa na 1979 kada su haɗiye komai ba tauna. Shi ne kuma ya jawo hankali ga Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya kuma yi rubutu a kan fargaba da baƙin ciki da waswasi da yadda ake magance su ta hanyar gyara tunani. A Najeriya, Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda marasa lafiya suke zama da danginsu a gidajen mutanen ƙauye, yana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya.

Mai ba da shawara a Kano ko Zinder zai tarar da abubuwan da littafin Boston bai yi tanadinsu ba. Mai matsala yakan zo da wansa ko mahaifiyarsa, kuma su ne za su fara magana. Yakan zo bayan an yi ruƙiyya an sha rubutu, yana da yaƙinin sammu ne ko iska. Matar aure ba lallai ta yarda ta keɓe da namiji a ɗaki ba. Kunya kan sa a ce "jikina ne ba daɗi" alhali zuciya ce take ciwo. Dokar hukunta laifuka ta Arewacin Najeriya kuma ta daɗe tana lissafa yunƙurin kashe kai a cikin laifuka, abin da ke ƙara sa mutane yin gum. Wanda ya yi wa imanin mutum dariya ya rasa shi, wanda kuma ya bar mai ciwon da ke buƙatar magani ba tare da tura shi asibiti ba ya cuce shi. Tafiya tsakanin waɗannan biyu ba a koyon ta daga lacca, sai a gaban mai sa ido da ya san mutanen da harshensu.

Abin da ya rage gare mu

Tarihin fannin a Najeriya ana fara shi ne daga 1959, lokacin da 'yan majami'ar da ke kula da Kwalejin St. Theresa a Ibadan suka gayyato ma'aikata su yi wa ɗalibai mata masu fita bayanin sana'o'i. An kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa a 1976, manufar ilimi ta 1977 kuma ta amince da buƙatarsu a makarantu. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero suna ba da digiri a fannin, a ƙarƙashin tsangayar ilimi. Wannan asali ya sa horon ya fi karkata ga makaranta, kuma sau da yawa wanda aka tura makarantar ma sai a ba shi alli a ce ya shiga aji.

Amma buƙatar ta daɗe da fin ƙarfin makaranta. Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya. Ga waɗanda rikicin Arewa maso Gabas da na 'yan bindiga ya raba da gidajensu, ga yaran da aka sace aka sako, ga aurarrakin da ke mutuwa. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Doka ta samu, saura ma'aikatan da za a iya amince wa.

Ba sai mun kwafi kiredit 60 ba, ba kuma za mu so tsadar da ke korar 'ya'yan talakawa ba. Abin da ya kamata majalisar da aka kafa a 2022 da jami'o'i su riƙe da ƙarfi shi ne ƙayyade awannin ido da ido da kowane ɗalibi zai yi, a rubuce, da sa hannun wanda ya gani. A horar da masu sa ido a kuma biya su, domin sa ido ƙwarewa ce ta daban, ba ziyarar rana ɗaya da cike fom ba. Wayar hannu ta isa ɗaukar murya, matuƙar an nemi izini an kuma tsare sirri. A faɗaɗa wuraren sanin makamar aiki zuwa asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna da Kware da Maiduguri, da cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye, da sansanonin 'yan gudun hijira, da wuraren sasanta ma'aurata. A yi atisayen aji da harshen da za a yi aikin da shi, domin wanda ya koyi tambayar haɗari da Turanci kaɗai zai yi in-ina ranar da zai yi ta da Hausa. A kuma shirya mai digiri na biyu ya zama mai horar da mataimaka na unguwa, tunda yawanmu ya fi ƙarfin ƙwararrun da za mu iya yayewa.

Ga wanda yake shirin shiga wannan karatu, a Kano ne ko a Texas, kada jerin sunayen kwasa-kwasai ya ruɗe shi, kusan ko'ina iri ɗaya ne. Ya tambaya: mutum nawa zan zauna da su kafin in gama, wa zai saurari abin da na faɗa musu, sau nawa a wata? Shirin da ba shi da amsa a kan waɗannan zai ba shi takarda, amma mutanen farko da za su zo wurinsa su ne za su biya kuɗin koyonsa da rayuwarsu, ba tare da an nemi yardarsu ba.